Jijjigar Inji da Mutuwar Yatsu

  

Yau a kan hannu za mu yi magana, da wata irin illa da ke samun sa sannu a hankali ba tare da an yanke ko an ƙone ba. Illar kuwa ita ce wadda jijjigar inji ke yi wa jijiyoyin yatsu, har a wayi gari mutum yana taɓa abu bai jin abin da ya taɓa. Na san wata za ta ce, to ni da ke cikin gida, ina ruwana da inji? 'Yar uwa, ki ɗan saurara, da ruwanki.

Ki duba unguwanninmu, ko Mabera, ko Runjin Sambo, ko Gidan Igwai, ko Tudun Wada. Da wuya a wuce layi biyu ba a ji ƙarar injin markaɗe ba. Da yawa daga cikin injinan nan na matan aure ne, wata da kuɗin adashi ta saya, wata da gadonta, aka kafa mata a zaure ko a gefen tsakar gida. Tun da safe ake layi da robobin wake na ƙosai da alale, da gero na kunu, da waken suya na awara, da kayan miya. In azumi ya zo kuwa, ai sai dai a ce sannu. Ko ke ce kan injin, ko ɗanki, ko yaron da kika ɗauka aiki. In ma ba ki da inji, wataƙila maigida ɗan kabu-kabu ne, ko direban Keke Napep, ko mai walda da ke yini riƙe da injin yankan ƙarfe da goge shi, ko mai yankan tayil, ko mai tsaga katako, ko mai fasa dutse da kankare da inji. Duk waɗannan hannuwansu na shan jijjiga. Kuma ke ce za ki fara lura in wani abu ya canza, domin ke kike miƙa masa kofin shayi, ke kike ganin yadda yake riƙe shi.

To, bari mu fara da yadda hannu ke ji. Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, alhali abin iri biyu ne. Akwai jijiyar jini, wadda take kamar bututun ruwa, ita ke kai wa yatsu jini. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa da laka, ta biyo wuya, ta sauko ta damtse har zuwa kan yatsa. Wannan ta biyun kamar wayar lantarki take, har da 'yar rigar da ta lulluɓe ta, kamar robar da ke jikin waya. A kan kowane yatsa akwai ƙananan bakunan wannan jijiya masu ɗimbin yawa. Su ne ke gaya miki wannan zafi ne, wannan sanyi ne, wannan laushi, wannan kaushi. Su ne ke sa ki tsinci tsakuwa a cikin shinkafa ko da hankalinki na wajen hira, su ne ke sa ki gane gari ya yi laushi da kin murza shi.

Idan hannu ya kama abin da ke jijjiga, jijjigar nan tana shiga fata, ta ratsa nama, ta kai ga waɗannan jijiyoyi guda biyu. Rana ɗaya ba ta yin komi. Amma in abin ya zama kullum, wata da watanni, shekara da shekaru, sai bakunan jijiyar saƙo su fara dakushewa, rigar da ta lulluɓe ta ta fara lalacewa, saƙo ya daina tafiya daidai. Su kuma ƙananan jijiyoyin jini sai bangonsu ya yi kauri, su riƙa tsukewa da sun ji sanyi, jini ya kasa isa kan yatsa.

Akwai kuma wani wuri a wuyan hannu, daidai inda muke sa awarwaro, inda wata babbar jijiyar saƙo ke bi ta wata 'yar matsattsiyar hanya. Ita ce ke kula da babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin na kusa da ƙarami. Yawan jijjiga da yawan damƙe abu da ƙarfi kan sa wurin ya kumbura ya matse ta. Shi ya sa wani zai farka cikin dare da hannu a sage, sai ya yi ta yarfe shi kafin ya dawo daidai.

Yaya abin ke farawa? Da minjirya yake farawa. Kin san yadda ƙafa ke yi in kin daɗe zaune a kanta wajen wanki ko tankaɗe, ki ji kamar ana tsira miki ƙananan allurai. To haka yatsu ke yi bayan an kashe inji ko an sauka daga babur. Da farko minti kaɗan ne ya wuce, kowa ya ce gajiya ce. Daga baya sai ya riƙa daɗewa, ya riƙa zuwa ko ba a yi aiki ba, ya hana barci. In aka ci gaba, sai kan yatsun ya mutu gaba ɗaya, mutum ya ji kamar da safa a hannunsa. A nan ne za ki ga magidanci ya kasa sa maɓallin rigarsa, ko kuɗi su zame masa wajen ba da canji, ko mabuɗi ya faɗi bai sani ba. Mace kuwa ta kasa zura zare a allura, kitso ya gagare ta, ɗinkin hula ya gagare ta. Ƙarfin damƙa ma ya ragu, har buɗe murfin kwalba ya zama aiki. Abin tsoron shi ne, hannun da bai jin zafi yana iya kama murfin tukunya ya ƙone, ko wuƙa ta yanke shi, mai shi bai farga ba sai ya ga jini.

Alama ta biyu ita ce ta jijiyar jini. Idan sanyi ya bugi hannun, sai kan yatsa ɗaya ko biyu ya yi fari fat, ya yi sanyi ƙalau, ya mutu. Bayan wani ɗan lokaci jini ya dawo, yatsan ya yi ja yana zogi. A fata irin tamu, ta wajen tafin hannu da ƙarƙashin farce aka fi ganin wannan farin.

Wannan ciwo ba yau aka san shi ba. Wani likitan Faransa mai suna Maurice Raynaud ya yi bayanin farin yatsu saboda sanyi tun 1862. A 1911 wani likita a Italiya, Giovanni Loriga, ya lura da shi a hannun ma'aikatan da ke aiki da gudumar iska mai jijjiga. Amma wadda ta fi fito da maganar fili mace ce 'yar uwarmu, wata likita 'yar Amurka mai suna Alice Hamilton. A 1918 ta je garin Bedford a jihar Indiyana, inda ake sassaƙa farar ƙasa mai tauri, irin dutsen nan da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi. Ta duba hannuwan masu sassaƙar, ta tarar mafi yawansu suna fama da abin da su da kansu ke kira matattun yatsu. Ta ce abu 3 ne suka haɗu suka kawo shi: jijjigar gudumar, da damƙe ƙarfen da suke yi da ƙarfi, da sanyi. Bayan shekara 60, a 1978, wasu likitoci suka koma garin, suka tarar ana aiki da irin gudumar nan ta da, kuma ciwon na nan a hannun mafi yawan ma'aikatan. Kin ga ke nan sanin ciwo kaɗai bai isa ba, sai an gyara yadda ake aikin.

To amma a nan akwai abin da ya shafe mu mu mutanen Sakkwato musamman. Can ƙasashen Turai masu ƙanƙara, farin yatsun shi ke tona asirin ciwon da wuri. Mu kuwa garinmu na zafi ne. Binciken da aka yi a ƙasashe masu zafi ya nuna farin yatsu bai cika fitowa ba, amma minjirya da mutuwar yatsu suna nan daram. Wato a wurinmu ciwon ɓoyayye ne, ba abin da ido zai gani, hannu lafiya lau a fili, alhali jijiya na lalacewa a ciki. Sai fa lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, sa'ad da ɗan kabu-kabu zai fita da sassafe cikin ɗari, iska na dukan hannunsa, ko a yi alwala da ruwan randa da asuba. A nan ne wani zai ga yatsansa ya yi fari. Don haka kada ki jira ganin fari kafin ki yarda akwai matsala. Minjiryar da ta ƙi tafiya ta isa shaida.

Wata za ta tambaya, to jijjiga nawa ce ta yi yawa? Abu biyu ake dubawa, ƙarfinta da tsawon lokacin da hannu ya yi riƙe da abin. A Ingila, inda aka kafa doka a kan wannan a 2005, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ba da wani ma'auni mai sauƙi. Injin da ke duka, irin na fasa kankare, in ana riƙe shi fiye da kamar minti 15 a rana an shiga haɗari, in ya wuce awa 1 haɗarin ya yi tsanani. Injin da ke juyawa, irin na goge ƙarfe, haɗarinsa na farawa daga kamar awa 1, ya tsananta in an wuce awa 4. Akwai kuma wani lissafi da ya kamata kowace mai inji ta riƙe. In ƙarfin jijjiga ya ninka sau 2, lokacin da hannu zai iya ɗauka raguwa yake zuwa kashi 1 cikin 4. Wato abin da hannu zai jure awa 8 a inji mai lafiya, awa 2 kacal zai jure in injin ya lalace jijjigarsa ta ninka. Ashe kuɗin bakanike da muke jin ƙyashin biya, kuɗin lafiyar hannu ne.

Kafin mu zo kan rigakafi, bari in ja hankalinmu a kan wani abu. Ba kowace mutuwar hannu ce daga inji ba. Ciwon suga na kashe jijiyoyi, amma shi ya fi farawa daga tafin ƙafa. Mai juna biyu, musamman in ciki ya tsufa, takan ji hannu na sagewa da dare saboda kumburi, kuma galibi yakan tafi bayan haihuwa. Ƙarancin wasu sinadaran abinci a jiki na kawo shi, haka wani daga cikin magungunan tarin fuka. Kuturta ma da mutuwar fata take farawa, tare da wani tabo mai haske a jiki wanda ko an tsikare shi ba a ji, kuma tana da magani kyauta, tana warkewa sarai in an je da wuri. Sannan ga babba: in hannu ya mutu farat ɗaya, tare da ƙafar ɓangaren, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Ba a jiran gari ya waye, asibiti ake nufa nan take. Duk wannan na nuna mana ba a zaune a gida ake yanke wa ciwo hukunci ba. Sau da yawa mukan ce sanyi ne, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wata ma ta ce hannu aka sa mata don an ga injinta na ciniki, a ɓata zumunci a banza, alhali mai laifin na nan a zaure yana ruri.

To me za mu yi? Rigakafi dai ya fi magani, a nan kuwa maganar ta fi ko'ina gaskiya, domin jijiyar saƙo in ta lalace sosai ba ta cika komawa yadda take ba. In an farga tun ana matakin minjirya aka rage jijjigar, ana iya tsayar da abin, wani ma ya samu sauƙi. In aka bari kan yatsu ya mutu, to sai dai a hana shi ƙaruwa.

Ke mai injin markaɗe, fara da zaman injin. A kafa shi a kan daɓe mai ƙarfi, a ɗaure shi tamau, a sa roba mai kauri ko yankin tsohuwar taya tsakaninsa da abin da ya hau. In kin ga yana rawa yana tafiya da kansa, ko ƙararsa ta canza, a kira bakanike ya duba notuna, da bel, da dutsen. Dutsen da ya cinye yana sa a daɗe ana markaɗe ɗaya, hannu ya daɗe yana shan wahala. Sannan ki lura da inda hannunki yake. Da yawanmu mukan dafa bakin injin da hannu ɗaya tun daga farkon markaɗe har ƙarshe, ba don wani dalili ba sai sabo. Jijjigar da ba ki taɓa ba ba ta shiga hannunki. Ki zuba, ki janye hannu. Sandar turawa kuma a riƙe ta sakwa-sakwa, kada a danna ta jikin ƙarfe ana dogarawa, domin gwargwadon damƙa gwargwadon jijjigar da ke shiga. In layi ya yi tsawo, a riƙa hutawa tsakani, a kashe injin, a motsa yatsu, a murza tafin hannu. In ku biyu ne, ku riƙa karɓa-karɓa. Da hunturu kuma, tunda markaɗe aikin ruwa ne, a surka ruwan da ɗan ɗumi, a goge hannu ya bushe, kada a bar shi a jiƙe cikin iska.

Ina kuma roƙonmu a kan yara. Yaron da aka ɗora kan inji tun yana ɗan shekara 10, kafin ya yi aure ya riga ya tara shekaru masu yawa na jijjiga a hannunsa, ban da haɗarin bel da ke fizgar riga ko mayafi. Ko ɗanki ne, ko almajirin da ke taya ki aiki, amana ne a hannunki. Yaro ba zai ce miki hannunsa na minjirya ba, don yana tsoron a ce ragwanci ne. Ke za ki tambaye shi.

Maigida fa? Nan sai da dabara, don namiji bai son a ce ƙarfinsa ya ragu, ballantana a kan sana'ar da yake ciyar da gida da ita. Kada ki tare shi da maganar a gaban yara ko abokiyar zama. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce, "Maigida, na ga kwana biyu kana yawan yarfe hannu da dare, ko yana damunka ne?" In ya amsa, sai ki kawo shawara. In mai babur ne, ya sa safar hannu mai kauri da sassafe don ɗumi, ya canza robar hannun babur in ta cinye, ya kai a duba masa tayoyi da duk abin da ya kwance, ya sassauta riƙo, ya riƙa sauka yana hutar da hannu tsakanin fasinja da fasinja. In mai walda ne ko kafinta, ya canza faifan yanka ko haƙoran zarto da sun dakushe, ya bar injin ya yi aikinsa ba tare da dannawa da ƙarfi ba, ya kuma raba aikin inji gida-gida a cikin yini, yana sa wani aikin a tsakani. A sani, safar hannu ɗumi take bayarwa, ba ta tare jijjiga yadda ake zato, don haka kada a sa ta a ce an tsira. In kuma yana shan sigari ko shisha, ga ƙarin dalilin bari, domin taba na tsuke jijiyoyin jinin da dama jijjiga ta riga ta raunana.

Yaushe za a je asibiti? In minjirya ta wuce kamar minti 20 bayan an bar inji, ko tana tashin mutum daga barci, ko abubuwa sun fara faɗuwa daga hannu, ko an ga yatsa ya yi fari, to lokaci ya yi. A fara da asibitin da ke kusa, in da buƙata za su tura Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a gaya wa likita sana'ar da ake yi. Kada ki ce kawai, "Likita, hannuna ke mutuwa." Ki ce, "Ina da injin markaɗe, shekara kaza nake kansa, awa kaza a rana." Wannan bayanin shi zai sa likita ya san inda zai dosa. Zai gwada jin yatsunki, ya auna suga, ya duba wuyan hannu. In matsewar jijiyar wuyan hannu ce, akwai abin ɗaurewa da ake kwana da shi, akwai allura, akwai kuma ƙaramin aiki da ake yi a saki jijiyar.

Wadda mijinta ke aiki a kamfani ko ma'aikata kuma, ta sani Nijeriya na da dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, kuma ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta sa cututtukan jijjiga cikin jerin cututtukan aiki. Don haka ya sanar da shugabanninsa da wuri, ya adana takardun asibiti, kada kunya ko tsoro su sa ya yi shiru.

'Yan uwa, ba cewa muke a rufe inji ko a jingine babur ba. Da su ake cin abinci, da su ake biyan kuɗin makaranta, da su ake yi wa 'ya kayan ɗaki. Cewa muke a yi sana'ar yadda hannu zai daɗe yana yin ta. Ga ɗan aikin da zan bar mu da shi a wannan mako. Ki zuba 'yan ƙwayoyin shinkafa da allura ɗaya a faranti, ki rufe ido, ki gwada tsintar su da hannun dama, sannan da na hagu. Ki sa duk mai aiki da inji a gidan ya gwada, a yi abin cikin raha. Wanda ya ga yana lalube bai jin abin da ya taɓa, to kada a bar maganar ta kwana.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wadda ke da tambaya ta aiko mana, ko ta ba maigida ko yaro ya kawo, za mu kai wa likitoci mu kawo amsa. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.